Kifin wel a bakin teku: ina haƙoransa, me ya kashe shi?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani ƙaton kifin wel da teku ya jefo waje. Bakinsa babu haƙori, sai wani abu kamar tsintsiya. Da me yake cin abinci? Kuma tunda an ce iska yake shaƙa, me ya kashe shi a tudu?

Amsa: Sunan kifi kawai aka laƙaba masa. Kamar ayu yake, da huhu yake numfashi, uwa kuma shayar da ɗanta take yi.

Tsintsiyar da ka gani ita ake kira balin. Faranti ne sirara da ke rataye a muƙamuƙin sama, ɗaruruwa a kowane ɓangare, jere kamar haƙoran mataji. Sinadarinsu ɗaya da na farce da ƙaho, gefensu na ciki kuma ya tsage ya zama gashi mai kauri. Aikin rariya suke yi. Ire-irensa kamar shuɗin wel da wel mai doro sukan auka cikin garken ƙananan jatan lande ko ƙananan kifaye baki buɗe. Fatar maƙogwaronsu mai ninki-ninki ce, sai ta kumbura kamar jaka da tan-tan na ruwa. Daga nan dabbar ta rufe baki, ta tura ruwan waje da harshe, abincin ya maƙale a gashin, ta haɗiye. Babu tauna. Duk girman nan, hanyar haɗiyarta ƙarama ce, mutum ba zai wuce ba.

Batun mutuwa kuwa, nauyi ne. Ruwa ke ɗauke masa jiki. A kan yashi nauyin nan yakan danne huhu da jijiyoyin jini, tsoka ta lalace, gubarta ta illata ƙoda. Kitsen da ke kare shi daga sanyi ya riƙe zafi. Idan ruwa ya dawo ya rufe hancinsa, wanda ke saman kai, sai ya nutse.

Masu balin galibi ɗai-ɗai suke fitowa, da ciwo, yunwa, raunin karo da jirgi ko igiyar kamun kifi a jiki. Abin da ya faru a kudancin Chile a 2015, inda aka ƙirga gawar wel 337, ba safai ake ganin irinsa ba. Masana sun fi zargin gubar gansakukar teku.

Masu doro na zuwa Mashigin Gini haihuwa, shi ya sa ake tsintarsu a gaɓar Najeriya da Gana. In an tsinci wel yana da rai, a riƙa jiƙa fatarsa, kada ruwa ya shiga hancin, kada a ja shi ta wutsiya, a kira hukuma. In mushe ne, a bar namansa: gubar ruɓa na kisa, cikin da ya kumbura da iska kuma yakan fashe.