Tambaya da Amsa: Me ya bambanta ƙidayar Musa da ta Dawuda?

Tambaya: Fada, ni 'yar Katolika ce, kuma nakan tsallake surorin ƙidayar jama'a idan ina karatun Littafi Mai Tsarki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙidaya Isra'ilawa, amma ya hukunta Dawuda a kan irin wannan aiki. Ina amfanin hakan ga rayuwata? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, bambancin yana ga niyyar mai ƙidayar. A jejin Sinai an lissafta maza 603,550 masu shekara 20 zuwa sama, kowa da sunansa da gidan ubansa, kuma Fitowa sura 30 ta ce duk wanda aka ƙidaya ya ba da rabin shekel, wato ma'aunin kuɗi na wancan zamani, domin fansar ransa, mai arziki ba ya ƙarawa, talaka ba ya ragewa. Wato jama'ar ta Allah ce, ba ta shugaba ba, kuma a gabansa babu ran da ya fi wani tsada.

Dawuda kuwa, kamar yadda masu sharhi da dama suka fahimci 2 Sama'ila 24, so ya yi ya san yawan mayaƙansa domin ya dogara da su. Ko Yowab, shugaban sojojinsa, wanda ba a san shi da taushin zuciya ba, sai da ya ja masa kunne. Aikin ya ci wata 9 da kwana 20, annobar da ta biyo baya kuma ta kashe mutum 70,000.

A ganina, wannan jarrabawa tana tare da mu kullum. Shugabar zumuntar mata da ke kiran suna domin ta gano wadda ba ta zo ba, ta bi ta har gida ko rashin lafiya ne ya tsare ta, tana kan hanyar Musa. Wadda ke ƙirga mambobi da kuɗin baiko domin ta yi wa ikilisiyar maƙwabta gori ta kama hanyar Dawuda. Haka iyaye da 'ya'yansu, haka manomi da buhunansa.

Kada kuma ki ɗauka cewa ƙidayar hukuma zunubi ce. Bisharar Luka sura 2, wadda muke ji a Misar daren Kirsimeti, ta nuna Yusufu da Maryamu sun bi umarnin Kaisar Augustas sun tafi Baitalami aka rubuta su, ga ta kuwa da tsohon ciki.