Mai iyali zai sayi gida a bayan gari: wace unguwa zai zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gezawa, ina da mata da yara biyar. Na sayar da gonar gado, ina son gida kusa da titin Haɗeja. Dillali ya nuna min biyu: ƙarami a tsohuwar unguwa wajen Jogana, da babba mai araha a sabuwar unguwar da ba ta gama cika ba. Wanne ya fi dacewa da mai iyali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a saya a sa'a. Shawarata ta farko, kada ka yanke hukunci da rani. Kowace unguwa kyakkyawa ce a watan Maris. Ka jira Agusta, ranar da aka kwana ana ruwa, ka je da sassafe ba tare da dillali ba.

Abin da za ka duba ba ya buƙatar injiniya. Kalli gindin katangun maƙwabta: in ka ga zane mai duhu ya kewaye bango kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, filasta tana ɓarewa, to nan ruwa yake tsayawa. In ka ga an jera buhunan yashi a bakin ƙofofi, ko an ɗaga dokin ƙofa har sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a shiga, mutanen wurin sun riga sun ba ka amsa. Yawancin sababbin unguwannin nan gonaki ne aka yanka, wasu fadama ce, wasu kuma kududdufi ne da aka cike da shara. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja sun ga haka a ambaliyar 2022. Ko ba a kai ga rushewa ba, kududdufi a bayan gida sauro ne da zazzaɓi, ga fargabar yaro ya zame ya faɗa.

Sai maganar awo. Tambayi ko awon gwamnati ne ko awon igiya. A awon igiya mai gona ne ke yanka filaye yadda zai fi samun kuɗi, don haka da wuya ya bar wurin makaranta, asibiti ko maƙabarta, lungu kuma ƙafa goma ya ishe shi. Yau ba za ka ji komai ba tunda rabin wurin kangwaye ne. Ranar da unguwa ta cika, naƙuda ta kama uwargida cikin dare, mota ta kasa shigowa, a nan za a gane. Ba na cewa duk awon igiya haramun ne, talaka da yawa ta nan ya mallaki muhalli, amma ka auna faɗin layin da ƙafarka har zuwa bakin titi.

Ka kuma taka hanyar da yaranka za su bi zuwa boko da Islamiyya. In sai sun tsallaka titin Haɗeja safe da yamma, ga manyan motoci, ni wannan kaɗai ya isa in haƙura da gida. Ka tambayi matan unguwa, ta hannun uwargidanka, nawa ake sayar da jarkar ruwa a watan Afrilu, da ko rijiyoyi na ƙafewa. Su suka san gaskiyar wannan, ba mazan majalisa ba.

Bayan Magariba ka sake komawa. Ka yi sallah a masallacinsu, ka ga su wa ke zama a kangwaye, ka ga ko akwai 'yan sintiri. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, yaro kuma a waje yake wuni.

Takardu: Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar birni a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallaka. Idan an nuna maka takardar gwamnatin jiha, ka tantance ta a KANGIS, hukumar jihar Kano mai adana bayanan filaye. Sa hannun mai unguwa da dagaci yana da amfani ƙwarai wajen sanin asalin wuri, ko burtali ne, ko gado ne da ba a raba ba, sai dai bai maye gurbin waccan ba. In gado ne, duk magada su sa hannu, har mata.

Tsakanin biyun da ka ambata, ga mai yara biyar da albashin koyarwa, na fi karkata ga ƙaramin na tsohuwar unguwa, muddin yana ɓangaren titi ɗaya da makaranta kuma akwai sararin ƙara ɗaki a tsakar gida. Babban kuma, in ya ci jarrabawar Agusta, sai a sake zama da dillali a kan farashi.