Filastar siminti ko ta soso: wai da gaske ne ruwa ba ya ratsa ta?

Tambaya: Salam injiniya. Ina gini a Kaduna, an gama bulo an rufa kwano, saura filastar waje. Wani mai kwangila ya ce in bar ta siminti, wai tsohon yayi ce kuma tana tsagewa, zai manna min farin soso a bango ya shafe shi da wani fenti mai kauri, ya ce har abada ruwa ba zai ratsa ba. Kuɗin da na tara shekara da shekaru ne, wallahi tsoro nake kar in yi asara. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Toh ka yi kyau da ka tsaya ka tambaya kafin ka ba da kafin alƙalami.

Filastar siminti ka santa, kauri kamar milimita 12 zuwa 15 a kan bulo, tana shan ruwa kaɗan in an yi ruwan sama, rana ta fito ta bushe. Shi ɗayan kuma soso ne irin wanda ake tallafe firij da shi cikin kwali, a manna shi da gam, a shimfiɗa raga a kai, a bi da shafe siriri da bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Ƙwanƙwasa shi ka ji, ƙara yake kamar ganga. Amfaninsa na gaske shi ne tare zafi, kuma wannan kam yana yi.

Amma maganar nan ta "ruwa ba ya ratsa shi" ita ce ke ɓata min rai, don kusan kullum sai na ji ta a wurin aiki. E, fuskarsa ba ta shan ruwa, to amma ruwa ai ba ta fuska yake shiga gini ba, ta bakin taga yake bi, ta kan farafet, wato guntuwar katangar da ke kewaye rufi, ta gindin indararo, ta ramin da mai esi ya huda ya tafi abinsa bai toshe ba. Kuma in ya shiga bayan soson nan ta ina zai fita? Abin da ya hana shi shiga ta gaba shi ne zai hana shi bushewa, sai ya kwanta a ciki wata da watanni kai kana tsaye a waje kana ganin gida fes.

Ba yau aka fara ba. A Jamus aka soma wannan aiki bayan yaƙin duniya na biyu, a kan bangon bulo da dutse. Da ya shiga Amurka sai suka riƙa manna shi kan gidajen katako, a 1995 a garin Wilmington na jihar North Carolina aka fara ɓamɓare bango ana tarar da katako ya ruɓe a ƙarƙashin tagogi, gidaje ɗaruruwa, wasu ko shekara biyar ba su yi ba, aka yi ta shari'a. Shi ya sa yanzu a can suke barin hanyar da ruwa zai zirara ya fita ta ƙasa. Masu abin ma sun daina cewa ruwa ba ya shiga, amma mu a nan wanda ya kalli bidiyo biyu a waya shi ke rantse maka.

Za ka ce ai namu bulo ne ba ya ruɓewa. Gaskiya ne, sai dai danshin cikin ɗaki zai juyo. Daminar bara an kira ni wani gida cikin watan Agusta, waje tsaf, amma cikin ɗaki fenti ya kumbura a ƙasan taga, bayan wadrof ya yi baƙi ƙirin yana warin ruma. Na sa wuƙa na yanke soson tafin hannu guda, ruwa ya biyo hannuna har gwiwar hannu, ga hanyar gara a ciki tun daga ƙasa don sun saukar da soson har ya taɓa turɓaya. Gara ba cin soso take ba, hanya take yi a ciki a ɓoye har ta kai katakon rufi. Dole a bar aƙalla santimita 15 tsakaninsa da ƙasa.

Ni dai a ginin bulo a Kaduna siminti zan ce ka yi. Tsagewar da mai kwangilar yake tsorata ka da ita yawanci daga aiki ne, yashi mai ƙasa, ko a labta siminti da yawa wai don ya yi ƙarfi, ko a ƙi ba shi ruwa. Buhu 1 na siminti da yashi ninki 4 zuwa 5, a jiƙa bulo kafin a yaɓa, a riƙa ban ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma ka tsaya da kanka don leburori ba sa yi in ba a gani. In kuma zafi ne damuwarka har kana son soson, ce masa ya kai ka gidan da ya yi wanda ya ci damina 3, ka shiga ciki ka shafa bangon ƙasan taga da hannunka.