Kafin ka taɓa motar da ta yi zafi

Wai me ake fara dubawa in mota ta yi zafi? Kai yaro, in har duba ruwan lagireto ma sai na koya maka, gara ka koma gida. Mai motar ake fara dubawa.

Wani mutum ya taɓa kawo mini mota, ya ce tiyon sama na lagireto ne kawai ke ɗiga, in sauya masa, sauri yake. Har da rantsuwa, wai allurar da ke nuna zafin inji ba ta taɓa wuce rabi ba. Na sauya tiyo, ya kama gabansa. Ashe motar ta riga ta tafasa masa a hanya, ya sheƙa mata ruwan sanyi inji yana huci. Ƙarfe mai zafi in ya sha sanyi farat ɗaya, kan silinda, wato ƙarfen da ya rufe saman inji, lanƙwashewa yake yi, gasket ɗin da ke toshe tsakaninsa da jikin inji ya tafi. Ya sani sarai. Ba a jima ba sai ga shi da mutane, wai ni na kashe masa inji. Aka taru a kaina ana cewa in yi haƙuri in gyara, ni da aka zalunta! Kan silinda, gasket, wahalar hannu, duk daga aljihuna. Har yau in irin motarsa ta shigo gareji, sai na ji raina ya ɓaci. Allah ya isa.

Saboda haka a gaban mai ita za ka buɗe murfin baƙin mai. In ka ga ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga mai. Sai inji ya huce, ka cire murfin lagireto ka tayar da mota. Kumfa na tasowa ba tsayawa, ga farin hayaki a salansa? Gasket ya ƙone tun kafin ta zo hannunka. Nuna masa da yatsa.

Sannan ka tambaye shi yaushe take zafin. In a cunkoso ne kaɗai, ana hawa titi allura ta sauka, to fanka ce. In a gudu take yi, ka zargi lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. Murfin lagireton nan kuwa kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi. Matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana murɗawa zai wanke maka fuska.

Ku yaran yanzu, da allura ta hau sai ku cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ku jefar, ku ce kun gyara. Ajiye wayar nan, ka miƙo mini sifana mai lamba 10.