Albishir da Albricias: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibi da ke karatu a Granada, ƙasar Sifen, ya rubuto: "Malam, feliz, contento da alegre, duk an ce mini farin ciki suke nufi. Ta yaya zan bambance su?"

Ɗana, Hausarka za ka fara gyarawa. Yaran yanzu sun tattara komai sun zuba cikin "farin ciki", sun bar murna, fara'a, annashuwa da nishaɗi suna shan ƙura, kuma abin yana damuna ƙwarai. Murna sai da dalili: an biya albashi, an sauka lafiya, an ci jarrabawa. Ita ce "estoy contento". Fara'a kuwa hali ce, irin ta mai kantin da ko bashi ka je nema sai ya tarbe ka fuska a sake. Shi za a ce wa "es alegre". Feliz ta fi zurfi, ta mutumin da zuciyarsa ta kwanta da rayuwarsa. Amma ka kula, idan ka ce wani "está alegre", ana iya ɗauka kana nufin ya ɗan kurɓi barasa ne.

Wata malama daga Maraɗi ta tambaya: "Shin albishir Hausa ce ta asali?"

Malama, kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Aro ce daga Larabci, daga tushen da ya ba mu bushara, kuma mun haɗiye ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda muka yi wa alƙalami da albarka. Abin da ke burge ni shi ne ba mu kaɗai muka are ta ba. Musulmi sun shiga Andalus, wato yankin Sifen ta yau, a 711, mulkinsu bai ƙare ba sai da Granada ta faɗi a 1492. A tsawon wannan zama Larabci ya bar kalmomi masu ɗimbin yawa a bakin Sifaniyawa. Sukarinmu shi ne azúcar ɗinsu. Alƙalinmu shi ne alcalde ɗinsu, sai dai su yanzu magajin gari suke kira haka. Cikin irin waɗannan akwai albricias.

Ki dubi yadda muke yi a gida. Yarinya ta shigo a guje, ɗankwali a hannu, tana haki: "Inna, albishirinki!" Inna ta ce, "Goro." "Fari ko ja?" "Fari ƙal!" Sai a lokacin za ta faɗi cewa Yaya ta haihu. Labari mai daɗi ba a sakin sa kyauta. To albricias a wurin Sifaniyawa ita ce ainihin wannan goron, wato kyautar da ake bai wa wanda ya riga kowa kawo daddaɗan labari, kuma sukan furta ta ita kaɗai don nuna murna. Kalma ɗaya ta haye teku, ta kuma keto Sahara, ba ta yar da al'adarta a hanya ba. Su a can ta tsufa, an fi cin karo da ita a littattafai. Mu tamu tana raye, shi ya sa nake jin ciwo idan na ga saƙon haihuwa a waya da aka fara da "ina mai farin cikin sanar da ku". Wannan Hausar takardar ofis ce. Me ya sami "albishirinku"?

Wani daga Kumasi: "Suna da irin 'murna ta koma ciki'?"

Suna da ita: "mi gozo en un pozo", murnata ta faɗa rijiya.

Wata ɗaliba daga Zariya: "Mu muna cewa 'baki har kunne'. Su fa?"

Su ma murmushinsu daga kunne zuwa kunne yake, "de oreja a oreja". Sukan kuma kwatanta mai annashuwa da castañuelas, 'yan katakon nan da masu rawa ke kaɗawa a tafin hannu. "Kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha" kuwa, kada ki juya musu ita kalma da kalma, za su ɗauka ƙishirwa ce ta kama mutumin.

Wani ango daga Gusau: "Abokina Basifaniye ya ce mini enhorabuena."

Barka ya yi maka. Asalinta "en hora buena", a sa'a mai kyau. Ka ce masa gracias. Allah ya ba da zaman lafiya.