Kada ka yanke tsohon wayarin tukuna

Sani, na ga saƙonka bayan sallar isha. Ka ce: "Maigida, tunda mai Land Cruiser ɗin nan ya kawo sabon wayarin a cikin kwali, kowace waya da sunanta a rubuce a jikinta, me zai hana gobe in tsinke tsohon gaba ɗaya in bi rubutun in jona? Ai kwana biyu sun ishe ni."

Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka ɗauki filaya. Amsata ita ce a'a, kada ka yanke ko waya ɗaya gobe. Bari in gaya maka dalili, don ba na son ka bi umarni kawai ba tare da ka gane ba.

Motar nan HJ60 ce, ƙirar shekarun 1980, injinta 2H mai silinda shida, dizal take sha. Wayarin da ke cikin kwalin kuwa irin wanda ake cewa na kowace mota ne, amma gaskiyarsa an tsara shi ne a kan tsofaffin motocin Amurka masu shan fetur, launukansa ma na kamfanin GM ne. Buɗe kwalin ka duba, za ka ga waya an rubuta mata koyil. Koyil na samar da tartsatsi ne a injin fetur. Ina koyil a motarmu? Sannan ka nemi wayar filogin hita, wanda ke ɗumama injin dizal kafin a tada shi, ba za ka samu ba. Wanda ya haɗa wannan wayarin bai san da zaman motarmu ba. Mu ne za mu koya masa ita, kuma malamin da zai koya mana mu shi ne wancan tsohon wayarin mai datti da kake son zubarwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da za ka fara yi da safe shi ne ka ɗaga bonet ka duba batir. Wasu daga cikin waɗannan motoci suna zuwa da tsarin volt 24, batir biyu da aka jona su a jere. Idan haka tamu take, to rile (swicin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya bi da babbar wuta) da filashan sigina da suka zo a kwalin na volt 12 ne, sai an canza su duka. Sa mita ka auna, kada ka yi zato. Bayan nan ka cire kan batir, ka ɗauki wayarka ka yi hoton kowace soket kafin ka zare ta, ka naɗa farin tef ka rubuta inda ta fito. Tsohon wayarin a ɗungurungum za mu fitar da shi, mu shimfiɗa shi a kan katako kamar fatar da aka jeme. Soket ɗinsa kuwa dukiya ce. Ta sitiyari, ta waifa, ta bayan dashbod, duk ba za su shiga da na kwalin ba, kuma za ka iya yini a Ƙofar Ruwa ba ka sami irinsu ba. Idan lokacin yankewa ya yi, za mu bar wa kowace soket jela kamar taƙi ɗaya don mu jona sabuwar waya a kai.

Yanzu ga inda nake son ka natsu sosai, maganar launi. A wayarin kwalin, baƙar waya ita ce atin, wato wadda ke komawa jikin ƙarfe. A Toyota ba haka ba ne. Atin ɗin Toyota fara ce mai layin baƙi. Baƙa mai layin rawaya kuwa wuta ce da ke fitowa daga makulli. Ina yaro kamarka na taɓa ganin baƙar waya tana lilo a ƙarƙashin dashbod ɗin wata Toyota, na ce ai atin ce, na ɗaure ta da noti a jikin bodi. Ana murɗa makulli sai hayaƙi ya turnuƙe, robar wayar ta narke tana ɗiga a kan kafet, warin kuma har yau idan na tuna ina jinsa a hancina. Maigidana bai doke ni ba. Ya sa ni na warware wayarin gaba ɗaya da hannuna, na bi kowace waya daga farko har ƙarshe, sati guda cur. Tun daga ranar ban sake yarda da launi ba sai mita ta shaida.

Fitilar gaba ma tana da nata sirrin. Wayarin kwalin yana tura wuta ne daga swici zuwa ƙwai, ƙwan kuma ya sami atin a jikin bodi. Wannan Toyota kuwa akasin haka take yi: wuta tana zuwa ƙwan kai tsaye, swicin dim da ful shi ne ke ba da atin. Idan ka bi rubutun kwali ka jona da swicin motar, ko dai fitila ta ƙi kamawa, ko dim da ful su riƙa ja-ja tare kamar aci-balbal. Ni abin da nake yi shi ne in sa rile biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful, swici ya riƙa taɓa rile kawai. Lissafin mai sauƙi ne. Ƙwai mai wat 60 a kan volt 12 yana jan amp 5, biyu amp 10 ke nan. Bai kamata swicin da ya haura shekara talatin ya ci gaba da ɗaukar wannan nauyi ba, kuma da rile za ka ga hasken ya ƙaru.

A fitilun baya kuma, motocin Amurka na da can ƙwai ɗaya ja ne ke yin birki da sigina, shi ya sa kwalin ya bi da wayar birki ta cikin swicin sigina. Tamu tana da sigina mai ruwan lemo daban, birki daban. Sai ka ja wayar birki daga swicin feda kai tsaye zuwa baya. Wannan ba wuya.

Mai wuyar shi ne na inji. Injin 2H ba ya mutuwa don ka yanke masa wuta, tunda dizal ba ya buƙatar tartsatsi. Akwai wani ɗan moto a gefen famfon injekta da ake kira EDIC, yana da sanda da ke ja ko tura hannun famfon, shi ke buɗe mai idan za a tashi, shi ke rufewa idan ka kashe makulli. Yana da rile nasa, kuma yana sauraren swicin oyil: idan ƙarfin oyil ya faɗi, ya kashe injin da kansa. Babu ko alamar wannan a cikin kwalin. Idan ka tsinke tsohon wayarin ba ka zana wannan layin ba, za ka tada mota ka zare makulli ka riƙe a hannu tana ci gaba da ruri. Don haka layin EDIC da na filogin hita za mu kwafe su daga tsohon, waya bayan waya. Filogi shida idan suna ɗumama inji suna jan wuta fiye da ƙarfin duk wani fiyus da ke cikin akwatin kwalin, saboda haka layinsu daban ne, da waya mai kauri da babban rile, daga batir. Haka za mu duba altaneta mu ga ko regiletarta a ciki take ko a waje, domin fitilar caji a kan wannan ta dogara.

Kafin ma mu yarda da kwalin, ka feƙe bakin waya ɗaya ka kankare silin da wuƙa. Idan ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. Ka sa mata ashana, za ka ga silin ya lanƙwashe ya zube. Irin wannan ba na sa ta a motar da za ta shiga daji, ko da mai ita zai ji haushina. Mutumin nan ya ce hanyar Agadas yake bi. Ka san yadda gargada ke girgiza mota tun safe har dare, ga zafin inji ga na rana. Waya mara kyau a can take karyewa, inda babu gareji babu inuwa, kuma akwai rayuka a cikin motar.

Saboda wannan girgizar ce ba na son in ga an murɗa waya biyu an naɗe da baƙin tef. Zafi yana sa gam ɗin tef ya saki, ƙura ta shiga, bakin ya yi kore. Ka matse tasha, wato ƙarfen da ake sa wa bakin waya, da filayar matsewa, ka ja da hannu ka ji ba ta fita, sannan ka sa robar da ke tsukewa da zafi. Duk ramin da waya za ta ratsa ƙarfe sai an sa masa roba, musamman wanda ke tsakanin ɗakin inji da cikin mota. Ka nisanta daga salansa da sandar sitiyari. Tsakanin inji da bodi ka bar wa waya ɗan sassauci, don inji yana motsi a kan kujerunsa. Babban fiyus kuma ya zauna daf da batir, domin duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaronsa. Ka tuna kaurin waya ake dubawa a zaɓi fiyus, don ita yake karewa.

Atin uku nake so masu kauri: batir zuwa inji, inji zuwa shasi, shasi zuwa bodi. Bodin motar nan a kan roba yake zaune, ba za ka dogara da notinsa ba. Ka goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure, ka shafa giris a kai. Na sha ganin motar da atin ɗin injinta ya ruɓe, ana yin kik sai wutar ta nemi hanya ta bi ta kebul ɗin totur, ya yi zafi har ya narkar da rigarsa.

Ranar da muka gama ba za mu ɗaura kan batir haka kawai ba. Za mu zare fiyus duka, mu sa ƙwan fitila tsakanin kan batir da kebul ɗinsa. Idan komai a kashe yake amma ƙwan ya kama da haske sosai, akwai inda wuta ke taɓa ƙarfe, kuma ƙwan ne ya tare ta maimakon waya ta ƙone. Daga nan mu riƙa mayar da fiyus ɗaya-ɗaya muna gwada kowane layi. In ta tashi, mita ta nuna mana wajen volt 14 a kan batir idan tsarin na 12 ne.

Na gaya wa mai motar kwana goma, ya yarda. Gobe ka zo da farin tef naɗi biyu, alƙalamin maka, da littafin rubutu sabo. Katakon da ke bayan shago ka share shi ka ajiye a inuwa. Ina zuwa bayan na sauke yara a makaranta, in sha Allahu, mu fara daga bayan dashbod.