Ƙarin kuɗi da zuciyar yaran shago

Sani, ka tambaye ni me ya sa ka ƙara wa yaran shago kuɗin ɗinki bayan na bar maka kula da su, amma aikin bai gyaru ba, har kaftani na dawowa da wuya a karkace. Kada ka janye ƙarin, haƙƙinsu ne, rayuwa ta yi tsada. Sai dai ka ɗora wa kuɗi aikin da ba nasa ba.

Lokacin da nake aiki a masaƙa a Kaduna an tura mu kwas na kula da ma'aikata, a can na fara jin sunan Frederick Herzberg. Ba'amurke ne, masanin halayyar ɗan Adam. Shi da abokan aikinsa sun tattauna da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin birnin Fitsbag da ke Amurka, suka fitar da sakamakon a 1959. Abin da suka nema kawai shi ne kowa ya ba da labarin lokacin da ya ji daɗin aikinsa sosai, da lokacin da ransa ya ɓaci. Da aka zo ɓacin rai, sai mutane suka riƙa ambaton dokokin kamfani, da halin shugaban da ke kansu, da yanayin wurin aiki, da albashi. Da aka zo jin daɗi kuwa, magana ta koma kan aikin kansa: na gama abu mai wuya, an yaba mini, an damƙa mini amana, na ci gaba. Malamai sun yi ta muhawara a kan binciken, amma abin da na gani a shago ya gaskata shi. Kuɗi kamar man keken ɗinki ne. In babu, keke ya yi ta ƙara har ya cije. In ka ɗiga, ya yi shiru, amma man ba ya ɗinka riga.

Saboda haka fara da abin da ke ɓata musu rai. Biya ranar da ka yi alkawari. Gyara fankar nan, ka sa fitila mai haske a kan teburin yanka. Kada ka yi wa yaro tsawa a gaban mai kaya, wannan ya fi yanke masa kuɗi ciwo.

Jinga kuma, wato biya a kan kowace riga, tsohuwar dabara ce da Frederick Taylor ya yayata a masana'antun ƙarfe na Amurka, ya kuma rubuta littafi kan tsara aiki a 1911. Tana aiki daf da Salla, lokacin da kaya suka taru. Amma duk inda ka biya sauri, sauri za ka samu. Kowa zai guje wa babbar riga mai cin lokaci, ba wanda zai tsaya ya nuna wa ƙaramin yaro yadda ake sa aljihu. Kada ka lissafa riga sai ka juya cikinta ka duba da idonka.

Akwai kuma maganar adalci, wadda wani masani mai suna Adams ya yi bayani a kanta a 1963. Ma'aikaci ba ya duba abin da ke hannunsa kaɗai, yana leƙen na maƙwabcinsa. In shadda mai tsada kullum ɗan'uwanka kake ba, sauran za su rage ƙwazo ba tare da sun ce maka uffan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron nan da ya daɗe a kan maɓalli da guga. Hannunsa ya nuna, na lura da yadda yake riƙe almakashi. Ko nawa ka ƙara masa, in maɓalli zai ci gaba da sawa, jikinsa ba zai tashi ba. Ba shi riga guda tun daga farko: ya yi awo, ya ja alli, ya yanka, ya ɗinka, shi zai miƙa wa mai kaya, ka ce a gabansa, "Aikin wannan ne." Fara masa da yadi mai araha, don in ya ɓata asarar ba yawa. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan shigo in ga yankan nasa.